Ƙararrawa a Wuyan Don Eleuterio

Kwana tara ke nan Don Eleuterio Painemal yana kan hanya da dawakinsa shida, zai kai su gonar ƙanwarsa kafin ƙanƙara ta toshe mashigar tsauni. Goɗiyarsa Chola ke gaba da ƙararrawa a wuya, dandaƙaƙƙun shida suna bin ƙarar, yadda aka hore su tun suna ƙanana.

Da safen kwana na goma maɗaurin ƙararrawar ya tsinke. Don Eleuterio ya zauna yana ɗinke shi, abokin tafiyarsa Nicanor yana haɗa shayin mate. Sai wani baƙin ingarman daji ya ɓullo kan tudu, ya yi haniniya sau ɗaya tak. Chola ta bi shi a guje, ko waiwaye ba ta yi ba. Shidan suka rufa mata baya.

"To, amarya ta tare," in ji Nicanor. "Alfadarina kuwa ba ya ɗaukar mutum biyu, kada ma ka kalle shi."

Don Eleuterio bai ga laifin Chola ba. Shekara goma sha ɗaya tana jan ragamar dandaƙaƙƙu. Ya juya ƙararrawar a hannu, ya daɗe yana tunani. Dabbobin nan sun amince da ƙarar nan da zuciya ɗaya. Mutumin kirki zai yi wa doki ƙarya? Ya ɗaga kai ya ga gajimare ya fara taruwa kan tsauni. Sai ya rataya ta a wuyansa.

Ya hau tudu yana rangaji, ƙalan, ƙalan. Ingarman ya riga ya kori shidan da cizo, suna tsaye cirko-cirko kamar marayu. Da jin ƙarar suka taho a guje, suka kewaye shi suna shinshina masa ƙeya.

"Sannu, Inna!" Nicanor ya kusa faɗowa daga alfadari. "Ki karkaɗa ƙugu mana, haka Chola ke yi!"

"Rufe min baki, tsohon banza. Kawo sirdi."

Amma da ya hau ɗaya, sauran biyar suka far wa dokin da cizo da harbi, don kishi. Ya gwada na biyu, haka. Ya sauka. A ƙasa suke son uwarsu, kuma a gaba.

Kwana huɗu ya yi yana tafiya a ƙasa. Sun tsallake mashigar ke nan ƙanƙara ta soma zuba a bayansu.

Ƙanwarsa Herminia ta tarye su a bakin shinge, ta ƙirga dawakai, ta dubi wuyan yayanta.

"Yaya, cire abin nan ka shigo, nama na kan wuta."

Ya cire, ya rataya ta a jikin shinge, ya nufi ɗaki. Dawakan ko kallon ƙararrawar ba su yi ba. Duka shidan suka bi shi har bakin ƙofa, suka tsaya suna leƙe.

Yanzu kam ba ƙarya ba ce, na zama uwarsu, ya ce a ransa. Kuma abin ya fi damunsa.