'Yan Ɗaya ga Janairu

Mai yankar kati ya juyo da fuskar kwamfutar wajen Auta, ya ce ta duba bayanan mahaifinta kafin a wuce da shi ɗakin tiyata. Ta sunkuya tana karantawa. Baba yana gefe a keken marasa lafiya, ya rungume ledar magungunansa kamar wani zai ƙwace.

Suna daidai, hawan jini daidai. Sai ta zo wajen wanda za a kira in wani abu ya faru. Ga sunanta nan, a ƙarƙashinsa kuma sunan wani namiji da lambar waya, an rubuta "ɗansa".

Mata zalla Baba ya haifa, kuma har Inna ta rasu babu wanda ya taɓa jin labarin ɗa namiji. Auta dama ba ta da saurin yarda. Yayyenta kan ce ko gaishe ta aka yi sai ta bincika dalili. Nan take ta shiga tuno shekarun da Baba yake tuƙin babbar mota, ya yi makonni ba ya gida, da wayar da sai ya fita waje yake amsawa. Ta saci kallonsa. Shi kuwa ya kafa wa fankar sama ido.

Mai katin ya ga ta canza fuska, ya leƙa, sai ya yi dariya. Dattijo ne mai son labari, irin wanda in ka tambaye shi ƙarfe nawa zai fara daga ranar da ya sayi agogon. Ya ce ta kwantar da hankalinta, aikin kwamfuta ne. Da can, in ji shi, kowane majiyyaci da katinsa na kwali a durowar ƙarfe, ɓera kaɗai ake tsoro. Da aka kawo kwamfutar farko sai ta ƙi karɓar mutum in babu ranar haihuwa, tsofaffi kuwa wa ya rubuta musu? Sai ma'aikata suka riƙa sa wa kowa ɗaya ga Janairu, layi ya tafi. Daga baya aka kawo wadda ta haɗa ɗakin kati da na gwaji da na magani wuri guda. Yanzu kuma an kwashe komai zuwa wata ma'ajiya a intanet da shi kansa bai taɓa gani da ido ba, ita kuma wayo ya yi mata yawa: in ta ga suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, sai ta ce mutum ɗaya ne, ta haɗe su.

"Makon jiya ta ba wani tsoho ciwon sukarin wani, har da matar wani," ya ce.

Auta ba ta yi dariya ba. Bayanin ya zo da sauri da yawa, kuma ta san maza da rufa wa juna asiri. Ta ce to, in an haɗe Baba da wani ne, a raba su ta gani.

Ya danna nan, ya danna can, sai ga shi kuwa: akwai wani mai sunan Baba sak, shi ma ɗan ɗaya ga Janairu kamar Baba, a wata unguwa da ba su taɓa zama ba. Mai katin ya shiga tsince kayan wancan yana tambaya. Baba yana da asma? Babu. An taɓa yi masa aikin ido? Baba ya ce idonsa garau, gara a tambayi kunnensa. Duk wanda aka cire sai Auta ta ji nauyin ƙirjinta ya ragu, har kunya ta kama ta. Tsohon da za a shiga da shi tiyata, shi take tuhuma saboda shirmen na'ura. Ta matsa ta gyara masa hula.

Mai katin ya zo kan sunan namijin, ya karanta shi a fili.

"Wannan ma na wancan ne, bari in goge."

"Bar wannan," in ji Baba.

Hannun mai katin ya tsaya. Baba bai kalli kowa ba, ledar yake ta murzawa.

"In ban farka ba, a kira shi. Shi ma yana da hakkin ya sani."

Mai katin, da duk labarinsa, sai ya shiga gyara takardun da ba su karkace ba. Wata nas ta leƙo ta ce ana jiransu.

Auta ta ce ta ɗan dakata. Ta ciro wayarta, ta fara kwafe lambar.