Kwandala a Gefen Gilashi

An ce in yaro yana gida, hankalin uwa a kwance yake. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin Auta da tiren abinci ba, yana kallon ƙato da ya haura talatin zaune a ƙasa, gemu ya cinye fuska, ido a kan talabijin.

Uwarsa tela ce. Lokacin da yake ɗan makaranta akwai shagon wasa a ƙarshen layinsu, na wani mutum da kowa ke kira Dogo. Injinan a tsaye suke kamar kabad, sun fi yaro tsawo. Ka jefa kwandala, a ba ka rai uku. In sun ƙare ka matsa, don na bayanka ya riga ya ɗora tasa kwandalar a gefen gilashi, alamar layinsa ne. Auta ya ƙware a wasan wani jarumi mai takobi da ke hawa hasumiya yana sarar jemagu har ya kai ga dodo. Yakan dawo gida sharkaf da gumi, murya a dishe, wata rana ma da kumburarren leɓe.

Ranar leɓen ce yayar mijinta ta zo. Ta ce, "Shagon nan zai lalata miki ɗa. Daga sigari sai ashar. Ai yanzu an yi na gida, da talabijin ake haɗawa. Saya masa, ya zauna a gaban idonki."

Maƙwabta suka ce gaskiya ne, mijinta ya ce gaskiya ne. Ta saya.

Auta ya kunna, ya ɓata fuska. "Inna, wannan ba shi ba ne. Dodon ya ƙanƙance. Jemagun da ke zuwa garke guda, nan bibbiyu suke zuwa. Kiɗan ma kamar kukan sauro."

"To a mayar musu da abinsu?"

"Bari dai in gani."

Abin da ya gani shi ne, a na gida mutuwa ba mutuwa ba ce. In jarumin ya faɗi, ka danna maɓalli ya tashi a inda ya faɗi. Akwai na tsayar da wasa ka je ka dawo. Ba mai huci a ƙeyarka, ba mai cewa ka matsa. Leɓen ya warke, bai ƙara kumbura ba, kowa ya yaba wa uwar da dabara.

Makaranta ta ƙare, uban ya rasu, yayyensa suka yi aure suka tashi. Suna aiko masa da sababbin na'urori, ya taɓa su kwana biyu ya koma wa tsohuwar. Aikin da aka samo masa a wani kanti bai yi wata ba. Daga baya ko aski sai an kira mai aski gida.

Da yanar ido ta fara rufe mata gani, zare ya daina shiga allura, sai lissafinta ya canja. Takan kira shi ya saka mata, ya ce, "Ina zuwa, Inna," ta zauna da allura a hannu har abinci ya huce. Matan yayyensa sun riga sun faɗa, cikin ladabi, cewa gidajensu ba ɗaki. In ta kwanta dama, wa zai ajiye tire a ƙofar nan?

Ta yi tambaya har ta gano Dogo a wani lungu bayan kasuwa, yana gyaran wayoyi. Ya rankwafa, gashi ya yi fari.

"Uwar Auta? Ke ce kika ƙwace mini babban kwastoma."

"Ni ce, Malam Dogo. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago."

Ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ya daɗe yana juya sukundireba a hannu.

"Kun ce ni ɓarawon yara ne," in ji shi. "Injina ai korar yaro yake yi. An gina shi ya kashe ka da wuri don na baya ya samu. Naku kuwa an gina shi kada a tashi." Ya nuna bayan shagon, inda wani abu ke tsaye an lulluɓe shi da tampol. "Guda ɗaya na hana a fasa, mai hasumiyar ne. Idona ni ma ya fara gajiya, ina neman mai hannu. In ya zo ya ga tsohon abokinsa, ƙila ya zauna in koya masa aiki."

Sai da ta yi mako tana lallashi. Abin da ya fito da shi ba roƙonta ba ne, sai dai cewa da ta yi, "Dogo ya ce ba ka iya komai yanzu."

Ya fito da rigar da ta matse shi, yana kare ido da hannu. A hanya ita mai yanar ido ce ke riƙe da hannunsa wajen tsallaka titi.

Dogo ya yaye tampol, ya jona wuta. Kiɗan ya tashi da nauyi har gilashin kantar shagon na rawa. Wani bakanike da ke jiran wayarsa ya matso, shi ma furfura ta fara masa.

"Kai, wannan yana nan? Na sha duka a kansa."

Auta ya kama sandar sarrafa injin mai jan kai, ya gyara tsayuwa. Uwar ta ga kafaɗunsa sun buɗe. Dogo ya jefa masa kwandala.

Jemagun suka zubo garke guda. Ya sari biyu, kamar yadda hannunsa ya saba shekara da shekaru, sauran suka rufe shi. Rai na biyu ya tafi a kan matakala, don nan ƙasa tana ruftawa, a na gida kuwa an cire wannan. Na uku, yatsansa ya tafi neman maɓallin tsayarwa, ya tarar da katako.

Bakaniken ya ɗora kwandala a gefen gilashi. "Matsa, maigida, a ba manya wuri."

Wasa yake yi. A da Auta zai rama da baƙar magana, ya zagaya ya bi layi. Yanzu tsayawa ya yi yana kallon kwandalar.

"Injin nan ya lalace. Ya cika sauri."

"Lafiyarsa ƙalau," in ji Dogo. "Naka ne aka cire wa haƙora. Tsaya ka sake, ai kowa da faɗuwa ya koya."

"Inna, mu tafi."

"Auta, ka tsaya ka ji maganar aikin."

Ya riga ya kai ƙofa. Wannan karon bai jira ta riƙe masa hannu ba, kuma ba ta cim masa ba. Dogo ya danƙa mata kwandala ɗaya, ya ce ko zai canja ra'ayi.

Da ta isa gida kukan sauron na tashi daga ɗakin. Ta shiga ba sallama, ta laluba, ta ɗora kwandalar a gefen gilashin talabijin, ta tsaya a bayansa. Ya san ma'anarta, ya fi kowa sani.

Ya dube ta, ya dubi kwandalar. A kan allo jarumin ya faɗi.

"Inna, kina tare mini haske," in ji shi, ya danna maɓallin.

Jarumin ya tashi a inda ya faɗi. Ta tsaya har ƙafafunta suka gaji, sannan ta ɗauki tiren safe ta fita.