Rigar Hussaina

Ƙanena Jabir tela ne a Kwararafa, duk layin babu mai hannunsa. Amma tun da ya faɗa wani zauren samari a waya, ya koma auna kansa maimakon yadi. Wai shi gajere ne, haɓarsa ba ta fito ba, ba shi da mota, don haka tasa ta ƙare. Haɓa fa! Babanmu ya fi shi gajarta, haka Mama ta zauna da shi har mutuwa ta raba.

Hussaina, 'yar maƙwabtanmu mai sayar da turare, ta kai masa ɗinkin riga. Ya ɗinka tsaf. Ta dawo wai a rage hannu. Ta sake dawowa wai a mayar yadda yake. Duk matan unguwa sun gane karatun, ban da telan.

"Yaya, amfani take da ni," in ji shi. "Irinmu sai gyara kyauta, dogaye masu mota su kwashe."

Ranar nan Hussaina ta same ni ina tsintar shinkafa, kanta a sunkuye. "Anti Maimunatu, Baba ya ce in fito da miji. Ki ce masa ya turo."

Budurwa ta faɗi haka da bakinta, me ya rage? Ko mayafi ban gama yafawa ba na isa shagon. Abin sauraron wayar da ke kunnensa ɗaya kawai ya cire ya saurare ni.

"Wanda take so ne ya ƙi ta, shi ne za a lallaɓo wurin gajere. An yi bayanin wannan duka a zaurenmu, Yaya."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na haɗa shi da Allah, har kuka na yi. Ya mayar da abin kunnensa ya ci gaba da taka keke. Ban taɓa jin takaici irin na ranar ba. Ina zan ga mutanen cikin wayar nan, balle in shaƙe su?

Bayan Sallah aka kawo masa ankon bikinta. Angon ma da kansa ya zo awo, Haladu, mai facin taya a Tina Junction. Ina zaune Jabir ya ja tef daga kafaɗarsa zuwa ƙasa. Ya duba, ya sake aunawa. Haladu bai kai shi tsayi ba.

Da angon ya fita na ce, "To, sai yaya?"

Ya daɗe yana naɗe tef a yatsa, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ƙila gado ya ci," ya ce, ya jawo wayar.