Butar Malam Hadi

Sati biyu kenan da Ja'afaru ya dawo ƙauyensu Durun, bayan masaƙar da yake aiki a Kano ta rufe, mahaifinsa Malam Hadi kuma ya rasu a watan. Garkar tumatir ya gada, da wani jan kare mai suna Dankali, wanda marigayin ya tsinta a kunyar dankali shekara bakwai da suka wuce.

Kullum da hantsi Ja'afaru zai ciko butar mahaifinsa da ruwa, ya riƙo ragowar tuwo, ya nufi garka. Da Dankali ya hango shi sai ya miƙe, ya ja da baya har gindin darbejiya, ya kwanta ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. In Ja'afaru ya matsa, ya ƙara ja. Duk ya rame, haƙarƙari a waje.

Ran Laraba ƙanin mahaifinsa, Baba Tasi'u, ya tare shi a ƙofar gida. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar, Baba Tasi'u ya zama mai bin diddigin kowa.

"Kare don gadi aka yarda a ajiye shi," in ji shi. "Wanda ke gudun mai shi, gadin me zai yi? Jibi bayan Juma'a zan zo da igiya, mafarautan Masanawa na so."

Ja'afaru ya shiga gida. Mahaifiyarsa, Inna Marka, tana takaba, ba ta leƙa garka ba tun rasuwar. Ya zauna ya kwashe labarin ya faɗa mata.

"Inna, karen nan ya tsane ni. Ni kuwa in na dube shi Baba nake gani."

"Yana yi maka gurnani?"

"A'a. Har jela yake kaɗawa, amma daga nesa."

Ta ajiye carbinta. "Da me kake kai masa ruwa?"

"Da butar Baba."

Inna Marka ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Rabon da a ji dariyarta tun Malam na da rai.

"Kai dai ɗan birni ne. Babanka shekara guda ya yi yana koya masa: in ya ga buta a hannu, sallah za a yi, ya ja baya kada ya taɓa tufafi. Ba ya matsowa sai an rataye butar a reshe, an naɗe hannun riga, an bugi cinya sau biyu. Kai kuma kana bin sa da buta wuni guda. Bawan Allah yana can yana jiran ka idar da sallar da ba ta ƙarewa."

Washegari ruwa ya hana fita. Ran Juma'a ana saukowa daga masallaci Ja'afaru ya ɗauki butar ya yi garka da sauri, amma ya tarar Baba Tasi'u ya riga shi, igiya a kafaɗa.

"Baba, a ba ni minti ɗaya."

Ya rataye butar a reshen darbejiya. Ya naɗe hannun riga, ya bugi cinya sau biyu.

Dankali ya ɗaga kunne. Ya dubi butar, ya dubi Ja'afaru, sannan ya taso a guje har yana tuntuɓe, ya zube a ƙafafunsa yana wani siririn kuka. Ja'afaru ya durƙusa yana sosa masa bayan kunne.

"Dabo ne," in ji Baba Tasi'u. Ya miƙa hannu ya sauko da butar don ya gwada da kansa.

Nan take Dankali ya zame daga hannun Ja'afaru, ya koma can nesa ya kwanta, haɓa a kan ƙafafu.

Baba Tasi'u ya daɗe yana kallonsa. Ya mayar da butar reshe a hankali, ya sauke igiyar daga kafaɗa.

"Ungo, ka ɗaure shingen can da ya karkace. Kuma ka nemo masa kasko, butar yayana ba ta kare ba ce."

Ya juya zai tafi, sai ya tsaya.

"Sau biyu ake bugun cinyar?"