Sakamakon Ƙanwata

Ni da ƙanwata tagwaye ne, irin waɗanda ko mahaifinmu sai ya duba tabon goshina kafin ya kira suna. Na riga ta fitowa, shi ya sa take ce min Yaya, da tsiya. Shagon ɗinki ɗaya muke, keke na fuskantar keke.

Ciwon da ya kashe Inna shi ya kashe mahaifinta. Jiki ya dinga fizga, magana ta sarƙe, hankali ya bi. Bayan rasuwarta likita ta ce ciwon gado ne, kowane ɗa yana iya ɗauka, yana iya tsira, kuma gwajin jini zai nuna tun kafin ya taso. Magani dai babu.

Na ce a kai kasuwa. Me zan yi da sanin abin da ba zan iya tarewa ba? Ita kuwa ƙanwata ta kafe, wai ba za ta haihu ba sai ta sani.

Likitar ta kira mu tare. Ɗan ƙaramin ofis ne, da fanka mai ƙara da kujerun roba.

"Ku biyu daga ƙwai ɗaya kuke," ta ce da ni. "Abin da ke jininta shi ke naki. In ta sani, an san naki ke nan. Ba ni da ikon hana ta, amma ba zan taɓa jininta ba sai kin ji wannan daga bakina."

Raina ya ɓaci, wallahi. Na ce, "To, yanzu ni ba ni da ta cewa a kan jikina?"

Likitar ba ta yi min ƙarya ba. Ta ce, "Kina da ita. Ita ma tana da ita. Ban san yadda zan raba muku ba."

A bakin ƙofar asibiti muka yi alkawari: ta yi gwajinta, ta riƙe bakinta.

Ranar da ta karɓo sakamako, kafin na iso shago ta juya kekenta ya kalli bango, don kada na karanta fuskarta. Na gode mata a raina. Muka ci gaba da aiki, ina kallon ƙeyarta. Ban tambaya ba, ba ta faɗa ba. Har na fara cewa mun iya.

Sai wata Asabar na ɓata yadin amarya. Leshi mai tsada, na yanka hannun riga a baibai, duka biyun. Ƙanwata fa masifaffiya ce, a kan allura ɗaya sai ta tara mana maƙwabta. Na ajiye almakashi ina jiran ruwan bala'i.

Ta taso, ta ɗaga yadin, ta duba. Sai ta dafa kafaɗata.

"Ba komai, Yaya. Yadi ne kawai."

Nan na gane abin da gwajin ya nuna. Tun da muka zo duniya ba ta taɓa ce min ba komai ba.

"Ki zage ni mana," na ce. "Don Allah ki zage ni."

Ta buɗe baki, ta yi ƙoƙari, na ga ta yi ƙoƙari. Abin ya ƙi. Hannunta na nan a kafaɗata, ba ta ɗauke ba.

Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, na kuma ji haushinta, na ji tausayinta da ta ɗauki wannan ita kaɗai tana kallon bango. Na kama gefen kekenta.

"Kama can," na ce. "Mu juya shi."

Muka juya. Ta zauna, na zauna, muna fuskantar juna.

"Yaushe likita ta ce ki koma?"

"Laraba."

"Ki ce mata mu biyu ne."