Takardar Huraira

Ofisoshi huɗu ne a ginin nan na bakin hanyar Funtuwa a Birnin Gwari, amma injin fotokofi ɗaya ne tal, ƙato, girke a baranda, an jona shi da kwamfutocin kowa. Masu rabon taki da shi suke aiki, masu rajistar filaye ma haka, da kuma ƙaramar ƙungiyar da Rhoda ke wa aiki, mai kula da matan da suka kuɓuto daga hannun 'yan bindiga.

Aikin Rhoda sauraro ne. Mace za ta shigo, a rufe ƙofa, ta faɗi abin da aka yi mata a daji. Rhoda ta rubuta, ta ɗora takardar a kan inji ta tura wa likitar ƙungiya a Kaduna, sannan ta kulle ta asalin a durowa. Shekara uku tana haka, ko mijinta bai taɓa jin sunan mace ɗaya daga bakinta ba.

Huraira 'yar Tabanni ce, kwana arba'in da ɗaya ta yi a hannunsu. Ranar da ta zo, sai da ta daɗe tana murɗa bakin mayafinta kafin ta ce, "Malama, ko uban 'ya'yana ban gaya wa ba. Wa zai ji?"

"Ni da ke da likita," in ji Rhoda. "Sai Allah."

Shafi biyar maganar Huraira ta ci.

Bayan mako biyu, wata Alhamis da azahar, Rhoda ta zagaya bayan gini sayen awara a gindin mangwaro, inda ma'aikata ke cin abinci. Tun daga nesa ta jiyo shewa. Benson, akawun masu taki, yana tsaye da takarda a hannu, ya maƙale murya kamar ta mace yana karantawa, har da shessheƙar ƙarya. Abdulfattah na ofishin filaye yana dukan cinya, baki duk manja. Kalmomin ta san su. Rubutun ma nata ne. Shafi na uku kuwa yana kan benci, an zuba yaji a kai ana dangwala.

Ta fizge takardar. "Benson, ina ka samo wannan?"

"Haba Madam, a inji mana. Duk abin da aka ɗora masa ajiyewa yake yi. Ki latsa inda tsofaffin ayyuka suke, ki zaɓa, ya fito miki."

"Tun yaushe?"

Ya sosa ƙeya yana murmushi. "Tun bara dai."

Abdulfattah ya haɗiye loma ya ce, "Wallahi tausayi ne ma ke sa mu karantawa. Wannan ta Tabannin ai ta ga rayuwa." Ya lashe yatsa.

Rhoda ta matsa kusa da bencin. Ta dubi yajin nan, ta dubi sunan Huraira da na ƙauyenta a saman shafin, mai ya jiƙa su har sun yi shara-shara, sai ta ji miyau mai ɗaci ya cika mata baki. Ta juya ta tofar. Ta tattara shafukan, har mai yajin, ta wuce.

A baranda ta latsa inda Benson ya faɗa. Jeri ya sauko ba iyaka. Matanta sittin da uku suna ciki, babu wadda ta ɓace. Ga takardun sauran ofisoshi, har da wata ta asibiti mai sunan Benson. Yatsanta ya tsaya a kanta, saura kaɗan ta buga ta don ta rama. Da ta gane abin da take shirin yi, sai ta janye hannun ta goge a zani kamar ta taɓa mushe.

Ta sami Alhaji Abarshi, mai kula da ginin. Ya saurare ta yana sakace haƙori.

"To Malama Rhoda, inji ne, ba mutum ba. Yaran nan kuma wasa ne ya yi musu yawa. A bar maganar a nan, kada ta ɓata sunan gini."

Rhoda ta juya ta fita. Ta koma ta zare wayar injin daga bango, ta jawo kujera ta zauna a gabansa. Masu son fotokofi suka yi ta zuwa suna tsaki suna komawa. Ba ta tashi ba sai da Jethro, makanikin da ya girka injin, ya iso bayan la'asar. Ya share ma'ajiyar kaf, ya sa wa kowane ofis lambar sirri, ya saita shi ya daina riƙe komai.

"Ranar da na kawo shi na ce a yi haka, aka ce lamba wahala ce," in ji Jethro. "Amma Anti, abin da aka riga aka buga, ko aka ɗauka a waya, wannan ba ni da iko da shi."

Ranar Asabar Rhoda ta tafi gidan gwaggon Huraira, inda take zaune tun dawowarta. Ta tarar da Huraira tana ɓarar gyaɗa. Ta durƙusa ta faɗa mata duka, ba ta rage ba.

Huraira ba ta ɗago ba. "Su nawa suka ji?"

"Ban sani ba."

"Sun yi dariya?"

Rhoda ta so ta yi ƙarya, bakinta ya ƙi. "Sun yi."

"Na daji ma sun yi," in ji Huraira. Ta miƙa hannu ta karɓi shafukan, na asali da masu mai, ta cusa su a murhu ƙarƙashin tukunya. "Ba zan sake zuwa ba, Malama. Duk wadda ta tambaye ni kuma, zan gaya mata gaskiya."

"Ki gaya mata."

A watan da ya biyo baya mata biyu kacal suka zo. Rhoda ta rubuta ƙara a kan Benson da Abdulfattah. Aka ba su takardar gargaɗi, suka ci gaba da aikinsu. Kullum da safe Benson na gaishe ta, ita kuwa sai ta kawar da kai ta riƙe numfashi har ta wuce shi.

Bayanan matan biyun nan, ninke su ta yi ta cusa cikin rigarta, ta shiga motar Kaduna ranar Litinin, ta bi hanyar da kowa ke tsoro saboda 'yan bindiga, ta danƙa wa likita hannu da hannu.