Farin Tabo a Cikin Katako

Kafinta ya ɗaga tamfol, ya zaro katakon da ke ƙasa ya juya shi, ya tsaya yana kallo. Abin ya dawo. Fari ne fat, manne da cikin katakon kamar an zubar da fenti an bar shi ya bushe. Sati biyu da suka wuce ya kankare shi da wuƙa, ya bi da sanfefa, ya shafe wurin da baƙin mai. Yau ga shi ya fi tafin hannu faɗi.

Katako biyar ne masu kauri, shi ya zaɓe su da hannunsa shekara shida baya. Ƙofar gidan babban ɗansa zai yi da su. Ɗan ya so ƙofar ƙarfe irin ta kowa a layin. Tsohon ya ce muddin yana numfashi, ɗan kafinta ba zai shiga gidansa ta ƙofar ƙarfe ba. A gaban mutane ya faɗa. To, yanzu an gama rufi, an shafe bango, iyali za su tare ƙarshen wata. Ƙofa kawai ake jira.

Da can katakon a saman shago suke, inda iska ke kaɗawa. Da aka faɗaɗa titi aka cinye rabin shagon, sai ya mayar da su baya, ya kwantar a ƙasa, ya naɗe su da tamfol ruf, ya danne gefe da duwatsu. Damina biyu ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba. Abin da yake gaya wa kansa ke nan.

Mai walda na shagon kusa ya leƙo ta kan katanga, baƙin gilashinsa a goshi.

"Maigida, yau ma askin ake yi wa katakon?"

"Koma kan tartsatsinka."

"Ni dai ƙarfena ba ya furfura. Ka ba ni awo, kwana uku ka ga ƙofa."

"Ƙofar kurkuku."

Mai walda ya yi dariya ya sauka. Kafinta ya ɗauki wuƙa ya ci gaba da kankara, haƙora a cije.

A haka autarsa ta same shi da rana. Tana aiki a ɗakin binciken tsirrai na jami'a, aikin da har yau bai gane kansa ba. Ta gaishe shi, ta ajiye jaka, ta durƙusa kusa da katakon.

"Baba, dakata. Kar ka kankare wannan."

Ta ciro ɗan gilashin ƙara girma ta kafa ido. Har murmushi take yi. Wannan murmushin ya fi maganar mai walda ɓata masa rai.

"Me kika gani na daɗi?"

"Dangin naman kaza ne, Baba."

"Naman kaza ba hula ba ƙafa? Ke, na ga naman kaza tun uwarki ba ta san ni ba."

"Wannan ba ya yin hula. Kwanciya yake a jikin mataccen itace, kullum ta ƙasa, inda ba rana. Shi ya sa mutane ba sa lura da shi. Irinsu da yawa ne, sai an sa a na'ura ake bambanta su. Duba bakinsa, ka ga kamar zaren auduga?"

Bai duba ba. Ya riga ya gani tun watan jiya.

"A daji aikinsa ke nan," in ji ta. "Reshe ya faɗi, shi zai cinye shi ya mayar da shi ƙasa. Da babu irinsu, da matattun itatuwa sun binne dajin."

"Nan daji ne?"

"Shi bai sani ba. Ya sami laima, ya sami duhu, ya sami abinci." Ta taɓa cikin tamfol ɗin, ta nuna masa yatsunta a jiƙe. "Ruwan sama ka tare. Na ƙasa kuwa yana tasowa, ba shi da hanyar fita. Wanda kake kankarewa ɗan abin da ya leƙo ne kawai don ya watsa iri. Ainihin jikinsa zare ne siriri, yana can cikin katakon."

"Shekara hamsin ina aikin nan. Gara na sani. Tsutsa na sani. Kowace da hujinta, kowace da garinta. Wannan datti ne a baya. Katakona lafiya lau yake."

Ya ƙwanƙwasa da ƙotar wuƙa don ta ji. Ƙarar ta fito a dushe, kamar an bugi katifa. Su duka biyun sun ji. Auta ta sunkuyar da kai, ta kama gyaran mayafi.

Ya ajiye wuƙar. Can ya ce, "Miƙo zarto."

Ya ɗora katakon a kan benci ya fara yanka daga tsakiya. Da farko zarto ya yi kukansa na kullum. Bai kai yatsa biyu ba ya zarce kamar a cikin burodi. Garin da ke zuba fari ne, da danshi, yana warin ƙasa. Ya raba biyu. Bayan katakon da ya sha baƙin mai yana ƙyalli, ciki kuwa ya koma soso. Ya danna babban yatsa, ya nutse.

Ya yanka na biyu. Haka. Na uku, haka. Na huɗu da na biyar da ke sama ne suka tsira, su ma sai an datse bakinsu. Ya auna da ido, ya sake aunawa da tef, ko da yake ya san amsar. Ko rabin ƙofa ba za su yi ba. Katako irin wannan kuwa, busasshe, ba a samunsa cikin wata guda.

"Baba, da an ɗora su a kan bulo..."

"Na tambaye ki?"

Ya zauna a bakin benci yana share gari daga gwiwarsa, bayan ya riga ya share. Abin da ya fi ci masa rai, ba ɓarawo ba ne, ba wuta ba ce. Abu ne da ko tsayuwa ba ya iya yi.

Da ta tashi tafiya ta ce a hankali, "Ko zan sami ɗan guntu mai tabon? Ba mu da irinsa a wurin aiki."

Ya harare ta. Sannan ya ɗauki ɓarin katakon, ya zaɓi inda farin ya fi kyau, ya yanka shi kusurwa huɗu daidai, ya goge gefen don kar ya soke ta. Ya miƙa mata ba tare da ya kalle ta ba.

Sai da ta sha kwana ya ɗauko bulo huɗu, ya ɗora katako biyun a kai, ya sa ƴan sanduna a tsakaninsu. Tamfol ya wurga kan shara. Ya tsaya jikin katanga.

"Kai, mai tartsatsi."

Mai walda ya kashe inji, ya ɗaga gilashi.

"Ƙafa bakwai tsawo, uku da rabi faɗi. In na ga ko ɗan karkata, da kanka za ka cire ta."

Mai walda ya buɗe baki, ya dubi fuskar tsohon, ya rufe. Ya ɗauki alli ya rubuta awon a bango.